Ranar da Python ya wayi gari babu shugaba

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya gefe, mu leƙa tarihi, domin akwai abin da ya kamata duk mai amfani da manhajar kyauta ya sani.

Duk lokacin da ka buɗe Instagram a wayarka, daga wasu manyan kwamfutoci ake turo maka hotunan da kake gani, kuma babban ɓangaren aikin da kwamfutocin nan ke yi da wani yaren kwamfuta aka rubuta shi, sunansa Python. Da shi ne kuma ake gina mafi yawan ayyukan fasahar AI da ake ta magana a kai yanzu. Python ba mallakin wani kamfani ba ne. Buɗaɗɗen aiki ne, wato kowa na iya sauke kod ɗinsa kyauta, ya karanta, ya kawo gyara. To tunda kowa na iya kawo gyara, wa ke cewa wannan ya shiga, wancan a mayar wa mai shi? Kusan shekara talatin amsar mutum ɗaya ce. Ranar da mutumin ya gaji, sai da aka yi wata biyar ana neman sabuwar amsa.

Yadda aka fara

Mutumin shi ne Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan. A watan Disamba na 1989, lokacin hutun Kirsimeti, ya fara rubuta Python yana ma'aikaci a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI da ke birnin Amsterdam. A watan Fabrairu na 1991 ya sake shi ga jama'a. Sunan ma ba daga mesa ya samo shi ba kamar yadda mutane ke zato, daga wani shirin barkwanci na BBC ne mai suna Monty Python's Flying Circus.

Da masu taimakawa suka yi yawa, a 1995 aka laƙaba masa wani suna cikin raha, wanda ake taƙaitawa da BDFL. Ma'anarsa mai mulkin kama-karya amma mai kirki, kuma na har abada. Da wasa aka fara, amma haka abin ya tabbata a aikace. A yi ta muhawara iya son rai, in an kasa daidaitawa sai a koma wurin Guido, abin da ya faɗa shi ke nan.

Kar ka ɗauka babu tsari ko kaɗan. A shekarar 2000 aka shigo da wata hanya da ake kira PEP. Duk mai son a yi wa yaren babban canji sai ya rubuta takarda, a ba ta lamba, ya bayyana abin da yake so, da dalilinsa, da hujjojin waɗanda ba su yarda ba. A 2001 kuma aka kafa gidauniyar Python Software Foundation a Amurka. Ita ke riƙe da haƙƙin mallakar sunan, ita ke karɓar gudummawar kuɗi, ita ke shirya babban taron shekara. Amma ba ta da ta cewa a kan yadda yaren kansa zai kasance.

Ga yadda matakan suke. A ƙasa akwai masu amfani, irin mu, masu kai rahoton matsala. Sama da su akwai masu turo gyara, wanda kowa zai iya zama. Sai maginan cikin gida, waɗanda aka ba ikon saka gyara a cikin ainihin kod ɗin. Akwai kuma wanda ake naɗawa ya kula da fitar da kowane sabon zubi. A can ƙoli kuwa Guido ne shi kaɗai. Babu wata takarda da ta faɗi yadda za a maye gurbinsa, domin babu wanda ya ga buƙatar rubuta ta.

Alamar da ta jawo rikici

A farkon 2018 aka kawo takarda mai lamba PEP 572. Abin da ta nema ɗan ƙarami ne a ido, wato a ƙara wata alama, ɗigo biyu da alamar daidai a jere, haka :=, wadda za ta bai wa mai rubutu damar raɗa wa wani abu suna a tsakiyar layi, maimakon ya ware masa layi na daban. Daga baya aka riƙa kiranta da sunan wata dabbar teku mai dogayen haure, saboda in ka karkata kai ka dube ta, kamar idanu biyu ne da haure.

Wasu suka ce za ta rage maimaici. Wasu suka ce za ta sa kod ya yi wuyar karantawa, alhali sauƙin karantawa shi ne abin da Python ke tinƙaho da shi. Aka yi watanni ana tafka gardama, saƙonni ɗaruruwa, har ta kai ana faɗa wa juna maganganu marasa daɗi. Guido na goyon bayan takardar, yana ma cikin waɗanda sunansu ke kanta. A watan Yuli ya yanke hukunci, ya amince da ita.

Ranar 12 ga Yuli, 2018, sai ya aika wa maginan cikin gida saƙo. Ya ce ba ya son ya sake shan irin wannan wahala a kan wata takarda, sannan ya tarar mutane da yawa na ƙyamar hukuncinsa. Ya ce ya ba kansa hutu na dindindin daga kujerar, kuma ba zai naɗa magaji ba. Ya tambaye su me za su kafa, dimokuraɗiyya, ko zaman kara-zube, ko wani kama-karyan, ko tarayya? Ya bar musu zaɓi.

Ka tuna da guruf ɗin WhatsApp mai admin ɗaya tal. WhatsApp dai in admin ya fita, ita da kanta take ɗauko wani ta ɗora. A nan babu wannan. Ƙananan gyare-gyare sun ci gaba da shiga, amma duk wata babbar takarda ta tsaya cak, domin babu mai ikon cewa an amince. Ga kuma kamfanoni da jami'o'i da miliyoyin masu rubuta manhaja sun zuba ido.

Wata biyar ana neman mafita

Maginan suka yi amfani da hanyar da suka saba, suka ce duk mai tsarin shugabanci ya rubuto shi a takarda. Aka samu guda bakwai, daga lamba 8010 zuwa 8016. Wata ta ce a zaɓi sabon jagora ɗaya amma da wa'adi. Wata ta ce a ba mutum uku. Wata ta ce a bar wa ƙwararrun kowane fanni su yanke abin da ya shafe su, in an saɓa a yi ƙuri'a. Akwai ma wadda ta ce a ɗauko alƙalai daga waje, waɗanda ba maginan cikin gida ba.

Kafin zaɓen sai da aka fara daidaitawa a kan yadda za a yi zaɓen kansa. Aka tsaya a kan cewa kowane mai ƙuri'a zai jera tsare-tsaren daga wanda ya fi so zuwa wanda ba ya so, sannan a gwada su bibbiyu, wanda ya doke kowanne shi ya ci. Masu ikon jefa ƙuri'a ba su cika ɗari ba. Aka yi zaɓen a farkon Disamba 2018, takarda mai lamba 8016 ta Nathaniel Smith da Donald Stufft ta yi nasara. Ita ce aka mayar PEP 13, kundin da ake bi har yau.

Ga muhimman abubuwan da ke ciki:

1. Majalisar jagoranci ta mutum biyar, maginan cikin gida ne ke zaɓarta.
2. Bayan kowane babban sabon zubi sai a sake zaɓe. Tunda yanzu duk shekara ake fitar da zubi, zaɓen ma duk shekara ne.
3. Kada a samu fiye da mutum biyu masu aiki a kamfani ɗaya a cikin majalisar. Wannan don kar wani babban kamfani ya kwashe kujerun ya juya yaren yadda yake so.
4. Maginan cikin gida na iya tsige ɗan majalisa ɗaya ko majalisar gaba ɗaya, in aka samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'un.
5. Sabon magini na shiga cikin gida ne da kashi biyu cikin uku na ƙuri'a, muddin majalisa ba ta hau kujerar na-ƙi ba.
6. Majalisa na da ikon karɓa ko ƙin kowace takarda, amma kundin ya ce ta yi ƙoƙarin taƙaita amfani da wannan iko, ta nemi a daidaita tukuna, ta kuma riƙa miƙa hukunci ga wanda ya fi sanin fannin.

A farkon 2019 mutum 17 suka tsaya takara, a watan Fabrairu aka bayyana biyar ɗin farko. Cikinsu akwai Barry Warsaw da Brett Cannon da Carol Willing, akwai kuma Guido da kansa, wannan karon da ƙuri'a ɗaya cikin biyar. Zango ɗaya ya yi, a ƙarshen 2019 ya janye daga takara ta gaba. Alamar nan da aka yi ta faɗa a kanta kuwa ta fito a Python 3.8 a watan Oktoba na 2019, ana ta amfani da ita.

Ko tsarin ya yi aiki? Gwaji mai nauyi ya zo a 2023, lokacin da aka kawo PEP 703, wadda ta nemi a ba da damar cire wani tsohon makulli da ke hana Python cin moriyar dukkan ƙwaƙwalen kwamfuta a lokaci guda. Canji ne da ya fi na 2018 girma da haɗari nesa ba kusa ba. Majalisa ta amince, amma da sharaɗin a tafi mataki-mataki, kuma in abin ya ɓaci a koma baya. A Python 3.13 na Oktoba 2024 aka fito da shi a matsayin gwaji. An yi gardama, amma babu wanda ya ɗauki nauyin shi kaɗai.

Inda ba a yi wannan sa'a ba

Python ya ci sa'a, shugabansa ya gaji ya faɗa a fili, kuma akwai gomman mutanen da za su karɓa. Ba kowane aiki ke da wannan ba. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan duk kwamfutar da ke amfani da Linux. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita a kyauta. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya riƙa turo gyare-gyare masu kyau, har aka amince da shi aka ba shi iko. A farkon 2024 ya ɓoye wata ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya bai wa mai mabuɗinta damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya fallasa abin ranar 29 ga Maris, 2024, kafin ya yaɗu. Babu majalisa, babu ƙuri'a, babu dokar da ta ce sai mutum na biyu ya duba.

Abin da za ka duba

Kafin ka ɗora saƙonninka ko hotunanka ko kalmomin sirrinka a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja, ɗauki minti biyar ka buɗe shafin aikin, galibi a GitHub yake ko GitLab. Duba mutum nawa ne suka saka gyara a watannin baya-bayan nan, ɗaya ne ko da yawa. Duba yaushe aka fitar da sabuntawa ta ƙarshe. Nemi fayil ɗin da ya bayyana masu kula da aikin da yadda suke yanke hukunci. Sannan ka ga ko akwai ƙungiya a bayansa, kamar yadda VideoLAN ta Faransa ke bayan VLC.

In ka tarar mutum ɗaya ne, ba lallai manhajar ta zama mara kyau ba, sai dai ka ajiye kwafin bayananka a wani wuri, ka kuma san wadda za ka koma in ya daina. In kuma kai ne ka fara wani aiki da abokanka, ku rubuta tun yau wa ke da ikon saka gyara, yaya ake ƙara sabon mutum, kuma wa zai riƙe in mai riƙon ya tafi. Shafi ɗaya ya isa, kuma ya fi sauƙin rubutawa yanzu da ba ku yi faɗa ba tukuna.