Famfara a Zongon Yamai

Tun kafin Faransawa su ɗauke fadar mulki daga Damagaram su maido ta Yamai a shekarar 1926, fataken Hausawa sun saba sauka a bakin kogin Kwara, kuma da suka zauna a unguwar Zongo da iyalansu, sai suka zo da al'adunsu, har da ta famfara. A zamanin da takardar haihuwa ba ta yawaita ba, uwa ba ta da wata hujja a kan shekarun ɗanta da ta fi haƙorin nan na gaba, wanda yakan yi kwanaki yana girgiɗi, yaro yana wasa da shi da harshe, har ya faɗo a tafin hannunta da ɗan jini a gindinsa. Sai a jefa shi bisa rufin ɗaki, a ja kunnen yaro kada ƙadangare ya ga giɓin. Malamai sun ɗauki wannan camfi ne, amma sun yarda da alamar, domin famfara takan zo wajen shekara 6 ko 7, lokacin da shari'a ta umarci uba ya koya wa ɗansa salla. Daga nan akan saya masa allo, a kai shi makaranta.