Daga Dandalin Ƙauye Zuwa Takobi: Tafarkin Ɗan Kokowa a Adar

Tun zamanin kakanni, kafin hukuma ta san da zancen, kokowa a ƙasar Adar aba ce ta kaka, domin sai an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, hankalin magidanta ya kwanta, sa'an nan makaɗa su fito dandali da farin wata, samarin wannan gari su tafi baƙuncin wancan, a gwada ƙarfi a gaban dattawa da 'yan mata. Ladan wanda ya yi kaye a wancan zamani bai wuce goro da kirari ba, sai kuwa farin jini wurin neman aure, wanda a idon saurayi ya fi dukiya.

Yaro yakan fara ne a rairayin bakin gari tare da tsaransa, wajen kiwon awaki. In an ga alamar ƙashi da zuciya gare shi, sai wani tsohon ɗan kokowa ya jawo shi jiki, ya koya masa yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake karanta kafaɗar abokin karawa tun bai kawo hannu ba, da haƙurin tsayawa a sunkuye har wancan ya ƙosa ya buɗe kansa. Shi ne zai fara ɗaura masa walki, ya rataya masa layu da guraye, al'adar da malamai suka daɗe suna inkari a kanta, amma ba ta bar fage ba har yau. Shekarun farko na almajirin duk hidima ce: ɗaukar jakar maigida, riƙe masa ruwa, da ba da jikinsa a yi ta kayarwa wajen horo, don wani ya gwanance.

Al'amarin ya sake kama a shekarar 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, ƙasa tana farfaɗowa daga farin da ya halaka dabbobi ya tarwatsa iyalai, sa'ad da hukuma ta ga hikimar tara jihohi a fage guda, aka buɗe gasar ƙasa ta farko a nan birnin Tawa, Yakuba Ango na Maradi, wanda duniya ta sani da Kantu, ya zama sarkinta na farko. Daga nan kokowa ta sami matakala. Mai neman shuhura sai ya yi fice a ƙauyensu, ya tsallake zaɓen gunduma, a Keita ko Buza ko Illela, kana ya zo Tawa a tace shi cikin goman da za su tsaya wa jiha. Yau jihohi takwas ne, 'yan kokowa 80 ke haɗuwa, kuma wanda ya sha ƙasa sau ɗaya tak, takobin sarautar gasar na wannan shekara ya haramta gare shi, ko da ya fi kowa ƙarfi. Adarawa ba su manta da Kadade Zambo ba, wanda ya ɗaukaka sunan Tawa tun a shekarun farko, kuma fagen birnin yana ɗauke da sunan Hamidine Maïdaré.

Amma alal haƙiƙa wanda ya fi damuna shi ne mutumin da tarihi bai rubuta ba, wanda ya shekara goma yana zuwa zaɓe ana mayar da shi, ko kuwa ya shiga cikin goman ya faɗi a rana ta biyu, ya koma gida a bayan mota babu doki babu rawani, alhali da ƙugunsa aka wasa sarkin da mawaƙi Sagalo ya yi wa waƙa. Kokowa ba ta ciyar da irinsa shekara, saboda haka da rani ya kama sai ya bi sawun 'yan uwansa zuwa Abijan ko Najeriya ko Libiya, ya yi dako ko talla, damina ta dawo da shi gona, kaka ta dawo da shi fage, har ranar da gwiwa ko kafaɗa ta ce ta gaji. Masu rabo a cikinsu su ne suka zama masu horarwa da alƙalan fage, kuma sau da yawa sun fi sarakunan iya koyarwa, domin wanda ya sha kaye iri-iri ya san ƙofofin da kaye ke shigowa.

Ina roƙon hukumar kokowa da attajiran Tawa, waɗanda ke zuba kyauta a kan mutum guda ranar naɗi, su ware wani kaso don jinyar waɗanda suka karye a zaɓen gunduma, su kuma sa a rubuta sunayen tsofaffin 'yan kokowar Adar tun masu iya ba da labarinsu suna raye.