Takalmin da Mutuwa Ta Haifa

A watan Satumbar 1935, guguwar ƙanƙara ta rutsa da ayarin mahaya dutse a Punta Rasica, cikin tsaunukan Alps na Italiya. Sun ajiye takalmansu masu ƙusoshi a ƙasa, sun hau da marasa nauyi. Sanyi ya hallaka shida. Vitale Bramani, wanda ke cikin ayarin, ya ɗora laifin a kan takalmi. A 1937 ya fito da Vibram, tafin roba mai haƙora da ke kama dutse.

Saura matsalar ruwa. A 1969 Bob Gore ya gano sinadarin Gore-Tex, mai tare ruwa amma ya bar zufa ta fita. A 1979 kamfanin Danner ya sa shi cikin takalmi.