Yadda Girman Hoto Ya Riƙa Juya Bakin Masu Sharhi

A watan Fabrairun 1993 Marc Andreessen, ɗaya daga cikin matasan da ke rubuta manhajar Mosaic a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya kawo shawarar a buɗe hanyar da hoto zai fito tare da rubutu a shafin intanet. A cikin shekarar ce kuma Philip Greenspun na cibiyar MIT ya soma shafin da daga baya ya zama photo.net, inda masu ɗaukar hoto suka riƙa baje aikinsu domin a faɗa musu inda ya yi kyau da inda ya gaza. Al'adar ta daɗe, amma sabon gidan da ta shiga ya zo da tambayar da ake ta maimaitawa har yau: da wane girma za a tura hoton? Amsoshin da aka bayar cikin shekara talatin sun fito ne daga faɗin allo, da saurin layi, da tsoron ɓarayin aiki, kuma kowace amsa ta sauya abin da masu sharhi ke iya gani.

A zamanin takarda babu wannan matsala. Ƙungiyar masu hoto ta Landan, wadda aka kafa a 1853 ta kuma zama Royal Photographic Society daga baya, da ire-irenta, sun saba da hoton da aka wanke aka kafe a bango. Kowa a ɗakin abu ɗaya yake kallo, da girma ɗaya. Mai son ganin tsarin hoton ya ja da baya, mai son ganin kaifinsa ya matso. Editocin mujallu kuwa sukan karɓi takarda guda mai ɗauke da ƙananan hotuna 36 na fim ɗaya, kowanne milimita 24 da 36, su bi su da madubin ƙara girma. A duka biyun, ido da ƙafar mai kallo ne ke zaɓen nisa.

Allon kwamfuta ya karɓe wannan zaɓi. Hoton da ke kansa tarin ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma allo yana da adadin da ba zai wuce ba. Ma'aunin VGA da kamfanin IBM ya fitar a 1987 fiksel 640 ne a kwance da 480 a tsaye. Bayansa aka sami 800 da 600, sannan 1024 da 768 a 1990. Hoton da ya fi allo girma sai an riƙa jan sa dama da hagu, kuma wanda bai ga hoto gaba ɗaya a kallo guda ba, ba shi da ta cewa game da tsarinsa.

Layin tarho ya fi allo tsanani. Modem na tsakiyar shekarun 1990, mai gudun kilobit 28.8 a daƙiƙa, yana sauke kilobait uku ne ko kaɗan da haka a kowace daƙiƙa. Hoto mai cikakken launi na 640 da 480 da ba a matse ba ya kai kilobait 900, wato jiran kusan minti biyar. Tsarin JPEG da aka amince da shi a 1992 ne ya sa abin ya yiwu. Yana raba hoto gida-gida, kowane gida fiksel takwas da takwas, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido bai cika lura da su ba, har nauyin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. In aka matsa da yawa, sararin sama yakan fito layi-layi, gefen gashi da ganye ya yi dusu-dusu, mai sharhi kuma ya ɗora laifin a kan mai hoto.

Yawancin masu aiki a lokacin da fim suke ɗauka. Kamfanin Kodak ya fito da Photo CD a 1992, inda ake zuba hotunan fim a faifai, kowanne da girma biyar, daga 192 da 128 zuwa 3072 da 2048. Na tsakiya, 768 da 512, yana shiga allon 800 da 600 daidai, don haka awo irinsa ya zama na gama-gari. A wannan girma ba a iya gane ko idon mutumin da ke hoton ya ɗan dushe, ko inuwa ta cika da tsaki-tsaki. Sai sharhi ya karkata ga abin da ake gani: inda aka ajiye mutum a cikin hoto, daga ina haske ya faɗo, ko layin ƙasa da sama ya karkace. Ƙarancin fiksel ya tilasta wa mutane yin magana a kan ginshiƙin hoto.

Daga wannan zamani aka gaji wata camfi da ba ta mutu ba, cewa hoton intanet dole a sa masa ɗigo 72 a kowane inci. Asalinta allon Macintosh na 1984 ne, mai fiksel 512 da 342, wanda aka tsara fiksel 72 su cika inci ɗaya domin ya dace da awon masu ɗab'i. Lambar umarni ce ga injin bugawa a takarda. Hoto mai faɗin fiksel 1000 haka yake fitowa a shafin intanet ko an rubuta masa 72 ko an rubuta 300.

Da layukan intanet suka ƙara sauri, sai tsoro ya maye gurbin jira. Flickr, wanda aka buɗe a 2004, a shekarunsa na farko yakan nuna hoto da faɗin fiksel 500, babbansa kuma 1024, mai hoto na iya hana sauke na asali. Lissafin ƙwararru a fili yake: bugu mai kyau yana son fiksel 300 a inci, saboda haka hoto mai faɗin 1024 ba zai kai inci uku da rabi a takarda ba, ɓarawo ba zai sami abin sayarwa ba. Wasu suka ƙara da shimfiɗa sunansu a tsakiyar hoto, suna neman a yi sharhi a kan abin da suka rufe da hannunsu.

Su kuwa kyamarori girma suka yi ta yi. Nikon D1 ta 1999 fiksel miliyan 2.7 take ɗauka. A yau miliyan 24, wato 6000 da 4000, abu ne na yau da kullum. In aka buɗe irin wannan hoto fiksel da fiksel a allon 1920 da 1080, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ake gani. Nan aka sami masu sharhin da ke leƙa kusurwa suna ƙirga tsaki, su rubuta dogon bayani a kan gilashin kyamara ba tare da sun ce uffan game da fuskar da aka ɗauka ba. Ƙungiyoyin masu hoto na Birtaniya sun kauce wa haka ta hanyar ɗaure gasarsu da ƙarfin majigi, 1400 da 1050, daga baya 1600 da 1200, domin alƙali da 'yan kallo su koma ganin abu ɗaya kamar zamanin bango.

Wayar hannu ta sake lale. Instagram ya fara a Oktoban 2010 da hoto mai kusurwa huɗu daidai, fiksel 612 kowane gefe, ya koma 640, sai a 2015 ya kai 1080. Facebook yana tsayawa a 2048 ta gefen da ya fi tsawo. Duk abin da ya wuce haka, dandalin ne ke rage shi ya sake matse shi da nasa ma'auni, ba da shawarar mai hoto ba. WhatsApp ma haka yake yi, sai a 2023 ya ƙara zaɓin tura hoto da inganci mafi girma. Matashin da ke koyon ɗaukar hoton biki a Kano ko Maraɗi, in ya tura wa maigidansa aiki ta nan, aikin zaren babbar riga da idon leshi ne ke fara narkewa, wato daidai wuraren da ake gwada kaifi. In ya tura shi a matsayin fayil ya isa yadda yake, amma kuɗin data ya tuna masa da abin da masu modem suka sani.

Abin da ƙwararru suka tsaya a kai bayan wannan doguwar tafiya ba shi da wuya. Mai hoto ya rage aikinsa da kansa kafin dandali ya rage masa, gefe mafi tsawo tsakanin fiksel 1600 da 2048, ya ɗan ƙara masa kaifi bayan ragewar domin ragewa tana dusar da gefuna, ya adana shi a tsarin launi na sRGB da kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996, wanda kusan kowane allo ke fahimta. In damuwarsa kaifi ce, ya yanko ɗan yanki daga hoton asali ya haɗa da shi. Sannan ya faɗi abin da yake so a duba, domin mai sharhi a kan abin da aka sa a gabansa zai yi magana: hoton da ya shiga allo gaba ɗaya yana jawo zancen tsari da haske, yankin da aka buɗe fiksel da fiksel kuma yana jawo zancen gilashi da rawar hannu.