Tsofaffin wuƙaƙen Arewa: daga maƙera zuwa kasuwar kayan tarihi

Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu zai duba yadda wuƙa da takobi, waɗanda a da kayan aiki ne da na yaƙi a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, suka koma abin da masu sha'awa ke tarawa, da kuma asarar da tarihi ke yi cikin wannan ciniki.

1. Asalin kayan

Wuƙa aikin mutum biyu ce: maƙeri ya ƙera ruwa, baduku ya ɗinka kube. Kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Hausa su ke narka tama da kansu. Takobi kuwa sau da yawa ruwansa baƙo ne, ƙirar Solingen ko Passau na ƙasar Jamus, wanda ayari ke ƙetarowa da shi ta Sahara, sannan a yi masa ƙota da kube a gida. Irin waɗannan makamai, tare da kwari da baka, su ne a hannun mutanen Sarauniya sa'ad da suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu cikin watan Afrilu 1899. A zamanin mulkin mallaka ƙarfen Turai ya yawaita, narkar tama ta mutu, maƙera suka koma ga sifirin mota.

2. Kasuwa

Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun tilasta wa gidaje da yawa a Nijar sayar da kayan gado. Dillalai na bin ƙauyuka suna saye da araha, su kai Yamai ga baƙi ƴan yawon buɗe ido. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu 1994 ya ƙara wa baƙon arha. Daga baya rashin tsaro, musamman tun sace Faransawa biyu a Yamai a 2011, ya rage baƙi, ciniki ya karkata ga intanet da gidajen gwanjo na Turai.

A can, abin da ke ɗaga farashi shi ne tambarin da ke jikin ruwa. Amma an daɗe da sanin cewa maƙeran Sahel ma suna buga irin wannan tambari, kamar na jinjirin wata. Ke nan tambari kaɗai ba shaida ba ne. Bugu da ƙari, akan saka wa kayan sunan “na Buzaye” ko da Bahaushe ya ƙera su.

Kammalawa

Dokar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, kuma gidan tarihi na Bubu Hama na nan tun 1959. Sai dai doka ba ta riƙe abin da ke bakin tsofaffi. Wuƙar da ta bar gida ba a rubuta sunan maƙerinta, da garinsa, da hannuwan da ta bi ba, ta zama ƙarfe kawai. Don haka ya kamata ɗalibai su fara da wannan rubutu a Matankari da Lugu, tun masu ba da labarin na da rai.