Apu da Masu Kallon da Suka Girma

A watan Disamba na 1989 tashar Fox ta Amurka ta fara nuna The Simpsons, wasan barkwanci na katun da Matt Groening ya ƙirƙiro. Har yau Bart, yaron da ke cikin wasan, bai wuce shekara 10 ba, alhali yaran da suka fara kallonsa sun soma furfura. Ɗan katun ba ya tsufa, don haka idan aka ga ya sauya hali ko ya yi shiru, sai a nemi dalili wajen masu kallo. Labarin Apu ya isa hujja.

Apu ya fara fitowa a 1990: Ba'indiye mai tsaron kantin Kwik-E-Mart, mai tsawwala farashi, wanda daga baya aka yi masa auren haɗi, aka haifa masa 'ya'ya takwas a lokaci guda. Hank Azaria, farar fata, shi ya riƙa yi masa murya da karin harshen da aka cika wa gishiri. Shekara da shekaru ana dariya. Sai a 2017 Hari Kondabolu, ɗan barkwanci mai tushen Indiya, ya fitar da fim ɗin The Problem with Apu, inda 'yan wasa masu irin asalinsa suka bayyana yadda aka riƙa tsokanarsu da wannan murya tun suna makaranta.

Masu kare shirin sun ce ai ba wanda ya tsira daga zolayarsa, har limamin coci da ɗan sanda. Gaskiya ne, amma hujjar ba ta gamsar da ni ba. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari yana da daɗi ne domin kowa na da bakin ramawa. A talabijin ɗin Amurka na wancan zamani kuwa, da wuya a ga wani Ba'indiye in ba Apu ba, kuma bakin da yake magana da shi na aro ne. Zolayar da ba a iya ramawa ta kusa zama cin fuska. Yaran da aka tsokana ne suka girma, suka sami kyamara da intanet, suka mayar da martani.

Marubutan shirin sun fara da taurin kai. A wani kashi na 2018 sun sa Lisa, ƙanwar Bart, ta yi wa ƙorafin shaguɓe, abin da ya ƙara hura wutar. A Janairun 2020 Azaria ya ajiye muryar Apu. A watan Yuni, bayan kisan George Floyd, masu shirin suka sanar cewa farar fata ba zai ƙara yi wa wanda ba fari ba murya.

Inda nake ganin sun gaza shi ne rabon da suka yi. Baƙaƙen fatar cikin shirin sun sami sabbin masu yi musu murya: Carl ya sami Alex Désert, Dokta Hibbert ya sami Kevin Michael Richardson, shi kuwa Apu aka ture shi gefe. Kondabolu bai nemi a shafe shi ba. Ɗaukar marubuta Indiyawa su sake gina mutumin ya fi wuya, ya kuma fi tsada, shi ne aikin da aka kauce wa.