Likitan da Ya Zo Auna Rana a Gaɓar Tekunmu

Ɗan Agege da ya sauka Apapa ya ga jiragen ruwa jere, da wuya ya tambayi yadda na farkonsu suka gane hanya. Tun wajen 1472 matuƙan Fotugal suka iso ruwan Ikko, amma da laluɓe. Tauraron arewa ne jagoransu, shi kuwa da an gangaro kudu sai ya yi ta sunkuyawa har ya ɓace.

Wanda ya taimaka aka warware wannan matsala wani Bayahude ne, Yusuf Bizinyo, likitan Sarki Juwan na Biyu na Fotugal kuma masanin falaki. A 1485 sarkin ya turo shi gaɓar Gini ya auna tsayin rana. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk ladanin da ya taɓa duba inuwa don sanin zawali: a ɗaga asturlabi, na'urar auna tsayin rana, da tsakar rana, a ga inda ta kai, a duba jadawalin karkatarta na wannan yini, lissafi ya nuna nisan jirgi daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Asturlabin ma malaman Musulmin Andalus sun daɗe suna fitar da lokutan salla da shi.

Jadawalin da ya fi shahara na malamin Bizinyo ne, Ibrahim Zakuto na Salamanka, wanda ya kammala shi da Ibrananci a 1478. Bizinyo ya fassara shi, aka buga a Leiriya a 1496. Shekara guda bayan haka matuƙin Fotugal Basko da Gama ya tashi zuwa Indiya.

Sakayyar ita ce mai ciwo. An kori Yahudawa daga Sifen a 1492, Zakuto ya fake a Fotugal. A ƙarshen 1496, shekarar da littafin ya fito, Sarki Manuwel ya ce su ma na Fotugal su fita, daga baya aka tilasta musu shiga Kiristanci. Mu ma ba mu tsira ba, domin wannan lissafi ya sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen da suka yi ƙarnoni suna kwasar bayi, har da Hausawan da aka sauke a Bahiya ta Barazil.

Zakuto ya tsere zuwa Tunis. A ƙarni na 17 Ahmad al-Hajari, wani ɗan Andalus da ya yi hijira, ya mayar da jadawalin Larabci a Maroko, masana falakin Magrib suka ci gaba da aiki da shi.